Intel ko AMD? Abin da ya kamata uwa ta sani kafin ta fitar da kuɗin haɗa wa yaro kwamfuta

A gidaje da dama, duk buƙatar da ta yi nauyi ɗakin uwa take fara shiga kafin ta kai kunnen maigida, wani lokacin ma a nan take kwana. Kuɗin makaranta, kuɗin jarrabawa, waya, yanzu kuma ga sabuwa. Yaro ya shiga jami'a, ko yarinya ta fara koyon zane da tace bidiyo, sai a miƙo miki takarda cike da lambobi da haruffa, a ce kwamfutar tebur ake so a haɗa, wato a sayi kayanta ɗaya bayan ɗaya a harhaɗa. A saman takardar akwai sunan da matasa ke ta musu a kansa a majalisa da wayoyinsu: wannan ya ce Intel, wancan ya ce AMD.

Kuɗin da za su tafi a wannan saye ba na wasa ba ne. Wata kwasar adashenta za ta zuba, wata tumakin da ta daɗe tana kiwo za ta sayar. Saboda haka bai dace uwa ta biya kuɗin abin da ba ta san kansa ba. Ba sai kin zama injiniya ba. Abubuwa kaɗan za ki riƙe, su ishe ki zama da yaron ku yi magana ta fahimta, mai shago kuma ya gane cewa ba a makance aka zo masa ba.

Mene ne furosesa?

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Girmanta bai kai tafin hannun ƙaramin yaro ba, amma duk lissafin da na'urar ke yi ta cikinta yake bi. A cikinta akwai sassa masu aiki da masu sana'ar ke kira kor. Ki ɗauke su kamar matan da aka tara a girkin biki: idan suna da yawa, wata na yanka albasa wata na tuƙa tuwo, aiki ya yi sauri. Sai dai akwai aikin da ba ya rabuwa. Tukunya ɗaya mutum ɗaya ke tuƙa ta, ko da mata goma ne a tsakar gida. Haka abin yake a kwamfuta. Tace bidiyo da fitar da zanen gini suna rabuwa tsakanin kor masu yawa, amma rubutu da bincike a intanet da yawancin wasanni sun fi dogara da ƙarfin 'yan kaɗan.

Kamfanoni biyu ne ke riƙe da kasuwar furosesar kwamfutar tebur, dukkansu na Amurka, kuma hedikwatarsu a gari ɗaya take, Santa Kilara da ke jihar Kalifoniya. An kafa Intel a 1968, AMD kuma a 1969. Shekaru da dama Intel ne a gaba nesa ba kusa ba, shi ya sa har yau idan aka ce kwamfuta a kasuwanninmu, tambayar farko ita ce i5 ce ko i7. Lamarin ya fara sauyawa a 2017 da AMD ya fito da jerin Ryzen, ƙarƙashin jagorancin wata mace injiniya, Lisa Su, wadda ke shugabantar kamfanin tun 2014. Tun daga nan ake kafaɗa da kafaɗa.

Sababbin da ake musu a kansu

A watan Agustan 2024 AMD ya fitar da jerin Ryzen 9000. Ƙaramarsu Ryzen 5 9600X mai kor 6, an sa mata dala 279 ranar fitowa. Sai Ryzen 7 9700X mai kor 8 a dala 359, Ryzen 9 9900X mai 12 a dala 499, da babbar yaya Ryzen 9 9950X mai 16 a dala 649. A Nuwamban shekarar aka ƙara Ryzen 7 9800X3D a dala 479, wadda aka ƙera musamman domin wasanni.

Intel ya mayar da martani a Oktoban 2024 da jerin Core Ultra 200S, inda ya ajiye tsohon salon suna na i5 da i7 da i9. Akwai Core Ultra 5 245K mai kor 14 a dala 309, Core Ultra 7 265K mai 20 a dala 394, da Core Ultra 9 285K mai 24 a dala 589. Waɗannan farashin ranar fitowa ne a can Amurka. Kafin kaya su iso hannunmu sai an ɗora kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa, ga hawa da saukar dala.

Kada yawan lamba ya ruɗe ki. Idan yaro ya ce ai ta Intel 14 ce, ta AMD 6 kacal, ki tambaye shi nawa ne manya a cikin goma sha huɗun. Intel yana haɗa iri biyu ne: manyan kor masu ƙarfi da ƙanana masu taimako. A 245K, manyan 6 ne, ƙananan 8. Su kuwa na Ryzen 9000 duk manya ne. Ƙananan suna da amfani ƙwarai a aikin da ke rabuwa, amma ba sa ninka saurin komai da komai.

Ita kuwa mai X3D, sirrinta wata 'yar ma'ajiya ce da ke manne da furosesar, inda take ajiye bayanan da take yawan nema. An faɗaɗa mata ita zuwa megabait 96. Kamar ki jera gishiri da magi da yaji a gefen murhu ne maimakon ki riƙa zarya zuwa sito. Wasannin kwamfuta suna son wannan sosai, shi ya sa gwaje-gwajen da aka yi bayan fitowarta suka nuna ta sha gaban duk na Intel a fagen wasa. A tace bidiyo da sauran aiki mai nauyi kuwa, 265K da 285K suna taka rawar gani, kuma Intel ya rage farashin 265K a 2025.

Tambayar farko: wane aiki za ta yi?

Kafin a yi maganar kamfani, ki sa yaron ya rubuta miki sunayen manhajoji uku da zai fi amfani da su. Amsar tana cikin wannan 'yar takarda.

Idan karatu ne, da rubuta aikin makaranta, da darasi ta intanet, da atisayen jarrabawar JAMB wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, to babu ɗaya daga cikin manyan nan da ake buƙata. Ryzen 5 8600G da ta fito a Janairun 2024, ko Ryzen 5 5600G ta 2021, ko Core i3 da i5 na zubi na 12, duk za su yi wannan aiki har su rage. Daidai ruwa daidai tsaki.

Idan zanen katin biki ne da allunan talla da CorelDRAW ko Photoshop, ko koyon rubuta manhaja, matsakaiciya ta wadatar: 9600X ko 245K. A nan yawan RAM da saurin ma'ajiyar SSD sun fi tasiri a kan ƙarin dala ɗari a furosesa.

Idan tace bidiyo ne da Premiere Pro ko DaVinci Resolve, kamar masu ɗaukar biki da masu aikin fim, to 265K ta cancanci a duba ta da kyau. Bayan yawan kor, na Intel suna da wani sashe mai suna Quick Sync da ke sauƙaƙa buɗe bidiyo da fitar da shi. A ɓangaren AMD, 9900X ce takwararta.

Idan ɗalibin zanen gine-gine ne ko injiniya mai amfani da AutoCAD da Revit da Blender, matsakaiciya zuwa babba za a nema, amma a ware kuɗi mai kauri domin katin hoto, wato na'urar da ke zana abin da ake gani a allo. Sau da yawa shi ya fi furosesar tsada.

Idan kuma kika ga 9800X3D a takarda alhali yaron ya ce miki karatu zai yi, to ki yi murmushi ki ce ya zauna ku sake magana. Wasa ba laifi ba ne idan da ƙa'ida, amma ya kamata a kira abu da sunansa, a san me ake biya.

A farashin ranar fitowa a 2024, tazarar da ke tsakanin 9600X da 9950X dala 370 ce. Wannan kuɗi zai iya sayen allo mai kyau da UPS, har a ƙara RAM. Yaron da rubutu da bincike zai yi ba zai taɓa jin bambancin furosesar biyun ba, amma zai ji rashin UPS tun a daren farko.

Furosesa ba ta zuwa ita kaɗai

Nan ne kasafi ke yawan rushewa. Kowace furosesa da irin mazauninta a kan babban faifan da ake dasa komai a kai, wanda masu sana'ar ke kira madabod. Ta AMD ba ta shiga mazaunin Intel, ta Intel ba ta shiga na AMD. Ko a kamfani ɗaya ma, sabuwa ba ta shiga tsohon mazauni. Ryzen 9000 mazaunin AM5 take so, Core Ultra 200S kuma LGA1851. Don haka zaɓen furosesa zaɓen madabod ne.

A nan AMD yana da wata fa'ida ga mai tattali. Mazaunin AM5 ya fito a 2022, kuma kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da fitar masa da sababbin furosesa har zuwa 2027 ko bayan haka. Ya taɓa yin irin wannan da AM4, wanda ya fito a 2016 amma har a 2024 ana ƙera masa sababbi. Ma'ana, za a iya sayen ƙarama yau, bayan shekara uku idan sana'a ta kankama a cire ta a sa babba ba tare da an taɓa sauran kayan ba. Intel bai yi irin wannan alkawari a kan LGA1851 ba, kuma ya saba sauya mazauni bayan zubi biyu ko uku.

Sai RAM, wurin da kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin. Sababbin jerin biyu duk DDR5 kaɗai suke karɓa, tsohuwar DDR4 ba ta shiga. Daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe ta. Saboda haka a tambayi kuɗinta tun farko. Gigabait 16 ya ishi ɗalibi, mai tace bidiyo kuwa 32 zai nema. A sayi guda biyu masu 8 maimakon ɗaya mai 16, domin biyun sun fi sauri idan suna aiki tare.

Akwai kuma haruffan ƙarshen suna. Duk wadda ta ƙare da F, ko ta Intel ko ta AMD, ba ta iya nuna hoto da kanta, dole sai an sayi katin hoto daban. Tana da ɗan rangwame, amma idan babu katin, allo baƙi za ku gani. Wadda ta ƙare da G a AMD tana da sashen hoto mai ɗan ƙarfi a cikinta, har wasanni marasa nauyi tana ɗauka. Masu K na Intel da masu X na Ryzen 9000 kuwa babu fankar sanyaya a kwalinsu, sai an saya daban. Ita 8600G da fankarta take zuwa.

Wuta, zafi da ƙura

Masu gwada waɗannan na'urori a Turai da Amurka a ɗaki mai sanyi suke yi, da wutar da ba ta ƙiftawa. Mu kuwa mun san halin da muke ciki, don haka lissafinmu daban ne.

Ryzen 5 9600X da Ryzen 7 9700X an rubuta musu wat 65, ko da yake a tsakiyar aiki sukan ɗan haura. 9950X wat 170 ce. Core Ultra 7 265K da 285K suna farawa daga wat 125, idan aiki ya yi nauyi su kai 250. Hakan ma ci gaba ne, domin sun fi zubin Intel na baya sauƙin shan wuta a aikin yau da kullum.

Ga yadda abin ke taɓa aljihu. A ce kwamfuta mai sauƙi tare da allonta tana jan wat 120, ana aiki da ita awa 6 a rana: a wata yunit 22 ke nan, kusan. Wadda aka cika wa babbar furosesa da katin hoto tana jan wat 400 kuwa, yunit 72 za ta ci. A farashin naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, kafin a ɗan sassauta, ta farko kusan naira 5,000 ce a wata, ta biyu ta haura 16,000. Idan gidan sola da inbata ake amfani da su, wannan bambanci shi ne tsakanin batirin da zai kai asuba da wanda zai mutu ana tsakar barci, fanka ta tsaya. Idan ƙaramin janareta ne, mai nauyin za ta hana a kunna wani abu tare da ita.

Duk wutar da furosesa ta sha zafi take komawa. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, bazara kan haura digiri 40. Furosesa ba ta saurin ƙonewa, idan ta ji zafi ya yi yawa rage gudu take yi don ta kare kanta. Ryzen 9000 a digiri 95 take taka burki. Sai ki ga an biya kuɗin babba ana samun aikin ƙarama. A ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, mai wat 65 da fanka mai kyau ta fi kwanciyar hankali.

Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce. A zaɓi akwati mai rariyar tace ƙura, a ɗora shi a kan tebur maimakon ƙasa, a rufe da ƙyalle idan an kashe, a riƙa hure shi duk bayan wata biyu ko uku. Kada a yi rowa wurin akwatin rarraba wuta na cikin kwamfutar, domin idan maras kyau ya lalace yakan tafi da madabod da sauran kaya. UPS kuwa wajibi ne: laftof tana da batir, kwamfutar tebur ba ta da shi, ana ɗauke wuta aikin da ba a adana ba ya tafi.

Idan ta hannu za a saya

Ba kowane gida ne zai iya sabuwa dal ba, kuma ta hannu mai kyau ba abin kunya ba ce. Sai dai a nan ake yawan cinikin biri a sama.

Abu na farko, i7 kawai ba ya nufin komai sai an san zubinta. Lambar da ke biye da ita ce ke faɗa. Core i7-4770 zubi na 4 ce, ta 2013. Core i3-12100 zubi na 12 ce, ta 2022, kuma ta fi waccan i7 ɗin sauri ƙwarai duk da sunanta ƙarami ne. Duk wanda ya ce miki i7 ce ya yi shiru, ki ce ya ƙarasa lambar.

Na biyu, Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuwa a hukumance sai Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Duk wadda ta gaza haka, an riga an wuce zamaninta komai arhar da aka yi mata. Araha ba ta ado.

Na uku, a yi hattara da manyan Intel na zubi na 13 da 14, musamman i7 da i9. A 2024 kamfanin da kansa ya amsa cewa wasunsu suna neman wutar da ta fi ƙarfinsu, abin da ke sa su lalace a hankali, kwamfuta ta riƙa tsayawa ko mutuwa babu dalili. Ya fitar da gyara ta manhajar madabod, ya kuma ƙara garantin shekara biyu. Amma gyaran rigakafi ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Mai sayen ta hannu ba shi da hanyar sanin wahalar da ta sha a hannun mai ita na farko.

Ranar zuwa kasuwa

Ko titin Beirut a Kano za a je, ko Banex a Abuja, ko a yi oda daga Ikeja, ƙa'idar ɗaya ce. A karɓi farashin kwamfutar gaba ɗaya a rubuce daga shago biyu ko uku, na Intel ɗaya na AMD ɗaya, sannan a kwatanta jimilla da jimilla. Sau da yawa wadda ta fi araha ita kaɗai takan fi tsada idan aka haɗa madabod da fanka.

A rubuta cikakken sunan kowane abu a rasit, har da lambarsa da tsawon garanti. A buɗe kwali a gaban mai saye. A bar wanda ya ƙware ya dasa furosesar, domin a sababbin mazaunan nan ƙananan allurai sama da dubu ne a jikin madabod, ɗaya ta lanƙwashe an shiga matsala, kuma ba kasafai garanti ke ɗaukar wannan ba. Bayan an haɗa, a kunna a shagon, yaron ya buɗe wata manhaja ta kyauta mai suna CPU-Z. Za ta nuna ainihin sunan furosesa da yawan RAM, a gwada da abin da ke rasit. A sa ta aiki mai nauyi na rabin awa a gani ko za ta tsaya. Gani ya kori ji.

Idan za ku tafi tare, ki bar yaron ya yi bayanin abin da ya zaɓa da bakinsa, ke ki riƙe ciniki. Wanda ya iya faɗa wa mahaifiyarsa dalilin zaɓinsa da Hausa mai sauƙi, ya fahimci abin da yake so. Wanda ya ce kawai ita ake yayi, yana buƙatar ƙarin mako guda na bincike.

To wacce za a ɗauka?

Ga yawancin gidajenmu, inda wuta ke da tsada, ɗaki ke da zafi, kuma ake son abin da za a riƙa ƙara masa ƙarfi sannu a hankali, Ryzen mai wat 65 a kan AM5 ta fi dacewa: 8600G idan ba za a sayi katin hoto ba, 9600X ko 9700X idan za a saya. Ga wanda tace bidiyo ne abincinsa kuma akwai wadatacciyar wuta, Core Ultra 7 265K tana ba da aiki mai yawa a kuɗinta. Manyan can na sama kuwa, 9950X da 285K, na wanda kwamfutar ta riga ta fara kawo masa kuɗi ne.

Abu na ƙarshe ba na kasuwa ba ne. Kwamfutar tebur tana da wata fa'ida da waya ba ta da ita: wuri ɗaya take zama. Ki sa a girke ta a falo ko inda ake wucewa, allon yana kallon ɗaki. A yi yarjejeniyar lokaci tun kafin ta shigo gida, a kuma ware wa ƙanne, musamman 'yan mata, nasu lokacin koyo, tunda kuɗin gida ne suka saye ta. Idan yaron zai yi sana'a da ita, ku amince tun yanzu cewa daga kuɗin aikinsa na farko zai fara sa hannu a kuɗin wuta. Allah Ya sa abin da za a saya ya zama silar arziki, Ya shirya mana zuri'a.